Dawar da na ɗauko daga Kumasi

Da sunan Allah, wanda Ya fitar da ni lafiya Ya kuma mayar da ni ɗakin mahaifiyata. Ni karatun allo na yi, da ajami na rubuta wannan, wani ne ya juya shi zuwa boko. In an ga kuskure, a raba mana shi ni da shi.

A Kwatano aka fara cutata. Na sauka a tasha da la'asar sakaliya, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota, ban san ko'ina ba, sai ga wani mutum mai farar hula ya yi min sallama da Hausa tsantsa. Ya tambaye ni gida, na ce ƙauyenmu yana gabas da Minjibir. Ya ce ai ya san wajen, ya taɓa sayen gyaɗa a can. Ya nemo min ruwa a buta, ya nuna min gabas.

Ya ce, "Malam, yi sallarka a natse, ni na yi tawa. Kawo jakar in riƙe maka, garin nan ba a ajiye kaya a ƙasa."

Gaskiya ya faɗa. Na yi sallama dama da hagu, babu shi babu jaka. Riguna biyu ne a ciki da bargo, da ƙuli-ƙulin da Inna ta yi min guzuri. Kuɗin mota suna ɗaure a ƙuguna, shi ya sa tafiya ba ta tsaya nan ba. Rigunan ban daɗe ina tunaninsu ba. Ƙuli-ƙulin ne ya tsaya min a rai, don na san gyaɗar iri Inna ta taɓa ta yi shi.

Ya kamata in faɗi abin da ya fitar da ni. Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, man fetur ya yi wuya, naira ta zama takarda. A wajenmu gona kusa da gona take, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara. Da aka raba gonar Baba tsakaninmu, abin da ya zo hannuna mace za ta iya tsayawa a bakinsa ta kira yaro a ɗaya bakin ba tare da ta ɗaga murya ba. Hatsinmu yakan ƙare tun rani bai raba ba. Ga Inna, ga matata Rabi da yara biyu. Ci-rani na yi shi har na gaji: ka tafi, ka dawo da abin da za a cinye a wata biyu, ka sake tafiya. Abin da nake roƙon Allah shi ne sana'ar da za ta zaunar da ni a gida. Baba yana da aboki a zangon Kumasi, wato unguwar Hausawan can, Alhaji Bawa mai goro, na ce bari in je ko zai sa ni a hanya.

A Lome na fara ganin teku, ban kuma ji daɗin ganinsa ba. Ruwa ne da ba ya hutawa, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi. Wata mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, ta ga na daɗe zaune ina kallon masu ci. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta ɗauko ɗaya da ɗan kifi da barkono ta ajiye a gabana, ta juya baya ta ci gaba da cinikinta don kada in ji kunya. Tsaminsa ya kusa mayar min da shi, amma na cinye. Har yau in na yi addu'a ga waɗanda suka ciyar da ni, tana ciki, ban san sunanta ba.

A Ankara na kwana a barandar wani masallaci, sauro ya yi abin da ya ga dama da ni. Daga nan sai Kumasi.

Na tarar Alhaji Bawa ya rasu tun bara waccan. Ɗansa Alhaji Tanko ne a gidan. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni wurin kwana a zaure, amma ya gaya min gaskiya: cinikin goro ya ja baya, yaran da ke hannunsa ma sun yi masa yawa. Shi ya kai ni wurin injin yanka katako, aka ɗauke ni kwasar garin katako. Aiki ne da ke shiga ido da hanci. Ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa a garin nan, rigarka ba ta bushewa, tabarma tana wari. Na yi kewar rana, ni da na taso ina gudun ta. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har nakan ji ƙamshin daddawa a inda babu ita.

Cikin masu zuwa sayen garin katako akwai wata dattijuwa Ba'asantiya, wato 'yar asalin garin, Mama Akosuwa. Kirista ce, ta yi shekaru tana ciniki a kasuwar zango, don haka tana jin Hausa irin tasu ta can. Ba kowane gari take saye ba, sai ta damƙa ta sansana. Wata rana na kai mata buhuna har gida a kura, na ga wata rumfa mai duhu a bayan gidan, an jera ledoji a kan katakai kamar burodi, kowace leda ta fitar da wasu fararen kunnuwa a bakinta. Na ja da baya.

Na ce, "Mama, wannan ai laimar kwaɗi ce."

Ta ce, "Kwaɗon garinku yana da ɗaki irin wannan?"

A wajenmu duk abin da ya tsiro haka a juji ko gindin bishiya bayan ruwa, laimar kwaɗi ne, yaro in ya taɓa sai an wanke masa hannu. 'Yan boko ne ke cewa naman kaza. Ita kuwa noma shi take, a ɗaki, babu gona, babu taki, mata suna layi suna saye. Wannan magana ta babu gona ita ta hana ni sukuni. Na je na tambayi limamin zango ko ya halatta. Ya yi dariya, ya ce tsiro ne cikin tsirran Allah, wanda ba ya cutarwa a ci, mai cutarwa a bari, shi ma jiya da shi aka yi masa miya. Bayan 'yan kwanaki na koma wurin Mama na ce ta ɗauke ni aiki, ko abinci kawai za ta riƙa ba ni.

Ba ta fara da ni a rumfa ba. Daji ta kai ni bayan an yi ruwa, da kwando da 'yar wuƙa. Ta ce wanda zai sayar wa mutane abin ci, sai ya fara sanin wanda ke kisa. Ba ta yarda a tsinke ba, sai a tono har tushe. Ta nuna min wani fari sol, kyakkyawa, mai zobe a wuya, gindinsa zaune cikin wata 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai.

Ta ce, "Ɗan Kano, kalle shi da kyau. Wannan ba ya ba ka ciwo yau. Sai ka ce ka tsira, sannan ya zo."

Na ce na ga dodon koɗi yana cin irinsa. Ta ce cikina da na dodon koɗi ba ɗaya ba ne. Ta koya min a cire hular a kifa ta a kan takarda, a rufe da kwano, washegari a ɗaga a ga ƙurar da ta zubar. Ta wani fara, ta wani ja-ja, ta wani baƙa. Akwai wani babba mai kama da laima sosai, wanda ƙurarsa kore-kore ce, shi ke sa amai da gudawa, ga shi yana kama da wani da ake ci. Amma ta ce ƙura kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an haɗa da hula da wuya da gindi da wurin da ya tsiro. Wanda duk ban tabbatar ba, in bar wa daji kayansa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na kan suri. Ka ja shi, sai saiwa ta yi ta fitowa, doguwa, daga can cikin gidan gara. Shi ya fi kowanne daɗi, kuma ba mai iya noma shi. Mama ta ce gara ce ke noma shi a ƙarƙashin ƙasa don abincinta, mu rarar muke samu. Na tsaya a gaban surin nan na yi tasbihi. Gara da muke zagi tana cinye mana azara, ashe manomiya ce.

Sannan aikin rumfa. A cuɗa garin katako da dusar shinkafa da 'yar farar ƙasa, a jiƙa, a tara, a riƙa juyawa har ya nuna. A ɗura a leda, a jera a duro a turara kamar dambu, don duk wata ƙwayar cuta ta mutu. In ya huce sai a zuba iri. Da ta ɗauko irin na ga kwalba ce cike da dawa, dawa irin tamu, an dafa ta sama-sama, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe ta ya haɗe ta wuri guda, an toshe bakin da auduga. Farin nan shi ne ran abin. Kunnuwan da ake ci 'ya'yansa ne kawai. Na riƙe kwalbar nan na daɗe, don rabona da ganin dawa tun gida.

Zuba iri a wani ɗan ɗaki ake yi, a rufe ƙofa, a goge hannu da sifirit, a yi aiki kusa da harshen wuta. Wanke hannu bai ba ni wuya ba. Amma duk ledar da na zuba wa iri, maimakon fari sai ta yi kore. Nata fari, nawa kore, alhali tare muka dafa. Asara ta yi yawa har na fara tunanin za ta sallame ni. Ran nan ta ce ba za ta yi komai ba, za ta zauna ta kalle ni kawai. Na goge hannu, na buɗe kwalba, na karanta abin da nakan karanta, na yi tofi a bakin ledar kamar yadda muke yi wa iri ranar shuka.

Ta ce, "Me ka yi yanzu?"

"Addu'a, Mama."

"Da yawu?"

"Ai ba yawu ba ne sosai. Iska ce."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta nutsu ta ce, "Ɗan Kano, ni ma ina yi wa kowace leda addu'a. Yi taka, amma rufe bakinka. Allah yana ji."

Na ɗaura ƙyalle a baki tun daga ranar, ina karantawa a zuci. Ledojina suka yi fari.

Damina biyu na yi a wurinta. Ta koya min yadda ake ɗibar iri daga kwalba a rayar da shi a sabuwar dawa, da yadda ake tsaga kunne sabo a ciro tsokar cikinsa a tayar da iri daga gare ta. Da na ce mata garinmu babu garin katako mai yawa, ta sa na gwada da karan masara da ɓawon gyaɗa, ya kuwa yi. Da na ce mutanenmu ba za su ci ba, ta ce, "Babu baƙi a Kano? Babu otal?" Na tuna Sabon Gari. Ranar da zan taho ta zaɓo kwalabe huɗu mafiya kyau ta ba ni, ta ƙi karɓar komai. Ta ce abu biyu ke kashe shi, zafi da buɗewa. In ya mutu, babu inda zan samo wani sai na dawo.

Alhaji Tanko ya haɗa ni da motar goro mai bi ta arewa, ta Tamale da Yamai da Maraɗi. Hanya ce mai zafi, na damu ƙwarai. Direban, wani Bazabarme mai yawan shiru, ya ji bayanina ya ce, "Abin naka ai goro ne." Ya buɗe huhu ɗaya, muka cusa kwalaben a tsakiyar ganyen fita mai sanyi da ake naɗe goro da shi, duk inda aka tsaya yayyafa wa goro ruwa, an yayyafa wa kayana. A wata iyaka wani ma'aikaci ya zaro ɗaya ya ce mene ne. Na ce iri ne. Ya ce bai taɓa ganin iri a kwalba ba, ya cire audugar, ya zura biro ya motsa, ya sansana, ya yamutsa fuska ya miƙo min. Na ce na gode. Kafin Maraɗi ta yi baƙi, na jefar. Saura uku.

Na iso gida farkon damina, gero ya fara rufe ƙasa. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Na lallaɓa na ajiye kwalaben a bayan randar Inna, don nan ya fi ko'ina sanyi. Ban yi mata bayani ba. Mutane sun yi yawa, kuma gaskiya na ji nauyin in ce a gaban jama'a, bayan wannan daɗewa, laimar kwaɗi na kawo. Na ce sai an watse.

Washegari da safe na fita yin abin da ya wajaba ga wanda ya dawo daga tafiya, wato bin gidajen da aka yi rasuwa ba ya nan. A shekarun nan gidajen suna da yawa. Sai kusan azahar na shigo. Na tarar da tabarma a tsakar gida cikin rana, an baza dawa a kai, Inna tana zaune a gefe da kara tana korar kaji. Ga kwalabe uku an wanke an kife.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai ɗan nan, an cuce ka a hanya. Dawar da ka sayo duk ta yi fumfuna, ta dunƙule. Da ƙyar na zaƙulo ta da tsinke. Amma na wanke ta tas, ba ta yi ɗaci ba. In ta bushe a yi wa yara kunu."

Na tsaya. Na ga Kwatano, na ga Lome, na ga ganyen fita. Inna kuwa fuskarta a sake, ta yi aikin kirki. Shekarun nan ba a zubar da ƙwayar hatsi ko ɗaya, kowace mace a garinmu abin da za ta yi ke nan. Ni da na yi wata guda ina yi wa ledojin Mama tofi, da wane baki zan yi magana? Na zauna a ƙasa kusa da ita na yi mata bayani a hankali, tun daga rumfa har zuwa farin abin.

Ta ce, "Wato fumfunar ce kayan."

"Ita ce, Inna."

"Ita na wanke."

Rabi ce ta yi magana daga bakin madafa. Ta ce akwai wani dunƙule da ya ƙi farfashewa, Inna ta jefa shi a ƙwarya ya jiƙa tukuna. Na tashi na duba. Bai fi ƙwan agwagwa ba, yana iyo a ruwan rijiya. Na wanke hannu da sabulu, na kunna fitila a ɗaki, na ƙona bakin wuƙa, na yanke bayansa duka na zubar. Cikinsa fari ne, a bushe, yana ƙamshin nan da na sani. Na naɗe shi a sabuwar leda.

Ba ni da lokacin jira. A ranar na aro duro, na sassare karan dawar da ya rage a danga, na haɗa da ɓawon gyaɗa da dusa, na ɗura a ledoji, na turara. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Wani abokin wasana ya ce, "Habu ya je Gwanja ya koyo dafa kara. A zuba min da man shanu." Na ce ya kawo kwano. Da suka huce na gutsura ɗan farin nan na raba wa 'yan ledoji, na jera su a tsohon ɗakin Baba na ƙasa, na zuba yashi a daɓe na jiƙa, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga.

Sai jira. Ta farko ta yi kore, na fitar da ita. Ta biyu ta yi baƙi. Kullum sai na fitar da wata na kai bayan gari na binne, kullum Inna tana kallona in na wuce da ita. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma Rabi ta gaya min abincinta yana dawowa kusan yadda aka kai. Na ce mata, "Inna, abin da Allah Ya rubuta ne." Ta ce ta sani. Ni kaina na fara lissafin komawa ci-rani in an yi girbi. Ledoji biyu suka rage, ba su yi kore ba, ba su yi komai ba, har na daina leƙa su kullum don kada raina ya ɓaci.

Wata safiya na dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, na tarar da Inna tsaye a ƙofar ɗakin Baba, hannayenta biyu a bayanta kamar mai tsoron kada su yi wani abu ba da saninta ba.

Ta ce, "Zo ka gani. Ta sake yin fumfunar. Ban taɓa ba."

Na shiga. A leda ɗaya farin ya sauko daga baki ya kai rabi, yana bin kara kamar saiwa, babu ɗigon kore ko ɗaya. Duk abin da nake nomawa yau daga wannan leda ya fito, amma a ranar ban san haka ba. Na dai durƙusa ina kallo.

Daga bakin ƙofa ta ce, "Irin wadda kake so ce?"

"Ita ce, Inna."

"Ka tabbata? Duba da kyau."

"Na tabbata."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta juya ta nufi inuwa, ta zauna a tabarmarta, ta kira Rabi ta ce a ɗumamo mata tuwon jiya, a sa yaji da yawa.